Wa Ya Kwashe Yaran Daga Ajin Ruby?

Ina roƙon ku ara mini hankalinku in ba ku labarin wani darasi da aka shirya domin ƴaƴana, amma ya ƙare a kaina. Na daɗe ina jinkirin rubuta shi, domin akwai abin kunya a ciki, kuma kunyar tawa ce. Sai dai an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ina kyautata zaton akwai magidanta da yawa da za su ga inuwarsu a cikin abin da ya same ni.

A watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a nan Nijar da sauran ƙasashen duniya, yara suka dawo gida, ba lakwal ba islamiyya. Biyu ne nawa da suka isa karatu a lokacin, ɗan farina mai shekara 9 da ƙanwarsa mai shekara 6. Yayata kuwa tana aure a Amurka, a birnin New York, inda ita ma ƴarta take zaune a gida, malamarsu tana koya musu karatu ta kwamfuta. Wata rana Yaya ta ce da ni, tunda dai ya zama dole ta zauna kusa da yarinyar tana sauraron darussan nan, me zai hana ta riƙa tsakuro abin da ta ji tana juya shi da Hausa ga nawa yaran? Muka tsayar da ranar Lahadi bayan sallar la'asar, wanda su a can hantsi ne.

Kada mai karatu ya ɗauka wani babban shiri ne. Waya ɗaya ce, tawa, nakan jingina ta da butar alwala a kan tabarma a tsakar gida. Nakan sayi kuɗin intanet tun ranar Asabar, in kuma tabbata na cika ta da caji kafin a ɗauke wuta. Kiran bidiyo ne ta WhatsApp. Wani lokaci hoton Gwaggo yakan daskare tana tsakiyar magana, bakinta a buɗe, yara su yi ta dariya. In abin ya ƙi, sai ta koma saƙon murya, mu saurara tare, su ba da amsa ɗaya bayan ɗaya. Sannu a hankali ƴaƴan maƙwabta uku suka fara leƙowa, har suka zama ƴan aji. An koyi ɗan Ingilishi, an koyi sunayen tekuna da koguna, an ga dusar ƙanƙara ta taga. Da makarantu suka buɗe ma ba mu daina ba, domin yaran sun riga sun saba.

A tsakiyar watan Nuwamba na wannan shekara Yaya ta turo wani hoto tun da safe, ta ce a nuna wa yara, kada a gaya musu komai sai ta kira. Zane ne na hannu. Ƴar ƙaramar yarinya ce baƙa, sanye da farar riga da fararen takalma, tana riƙe da littattafai da abin ja layi, tana tafiya a tsakanin ƙartai huɗu, biyu gaba biyu baya, waɗanda mai zanen bai nuna kawunansu ba. A bangon da ke bayanta an rubuta mummunan zagi, ga kuma jan ruwan tumatir da aka jefa ya fashe yana gangarowa. Wani mai zane Ba'amurke, Norman Rockwell, shi ya yi shi, aka buga shi a 1964, kuma a 2011 an rataye shi na ɗan lokaci a fadar shugaban ƙasar, zamanin Barack Obama. Ƴata ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya ko laifi yarinyar ta yi aka kama ta. Da Gwaggo ta kira, ta ce mata a'a, makaranta za ta, kuma shekarunku ɗaya.

Daga nan ta ɗauko zaren daga tushe, da harshen da yaro zai gane. Ta ce bayan an hana bauta a Amurka a 1865, jihohin kudancin ƙasar sun kafa dokokin da suka raba baƙaƙe da farare a makaranta da jirgin ƙasa da gidan abinci, har wurin shan ruwa. A 1896 kotun ƙolin ƙasar ta halatta wannan rabo, bisa sharaɗin cewa abin da aka ba kowane ɓangare ya yi daidai da na ɗaya, sharaɗin da ba a cika shi ba, domin makarantun baƙaƙe su ne masu tsofaffin littattafai da rufin da ke yoyo. Haka aka zauna har ranar 17 ga Mayu 1954, lokacin da alƙalai tara na wannan kotu suka haɗu a kan murya ɗaya, suka ce raba yara a makarantun gwamnati saboda launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. Shari'ar tana ɗauke da sunan Oliver Brown, wani uba daga garin Topeka da aka hana ƴarsa Linda shiga makarantar da ke kusa da gidansu, kuma babban lauyan masu ƙara shi ne Thurgood Marshall, wanda daga baya ya zama baƙar fata na farko da ya hau kujerar alƙalanci a kotun. To, amma hukunci a takarda daban, buɗe ƙofar aji daban. Jihohin kudu suka yi ta jan ƙafa shekara da shekaru.

A wannan shekara ta hukunci, ranar 8 ga Satumba 1954, aka haifi yarinyar da ke cikin zanen, Ruby Bridges, a jihar Mississippi, iyayenta suka ƙaura da ita birnin New Orleans tana ƙarama. A 1960 wani alƙalin tarayya, Skelly Wright, ya tilasta wa birnin ya fara haɗa yara. Aka yi wa ƴaƴan baƙaƙe jarrabawa mai tsanani, shida suka ci. Biyu iyayensu suka bar su a tsohuwar makarantarsu. Uku, wato Leona Tate da Tessie Prevost da Gail Etienne, aka tura su wata makaranta tare. Ruby kuwa ita kaɗai aka tura makarantar William Frantz. Ranar Litinin 14 ga Nuwamba 1960 ta shiga, jami'an tsaron gwamnatin tarayya huɗu suna kewaye da ita, mahaifiyarta Lucille tana tare da ita, ko da yake mai zanen bai sa ta ba. Na tsoma baki a nan na gaya wa yaran cewa wata uku ke nan da ƴan kwanaki bayan ƙasarmu ta sami ƴancin kai, ranar 3 ga Agusta 1960, kuma Ruby sa'ar kakansu ce, tana nan da ranta. Suka yi mamaki ƙwarai, domin a tunaninsu duk abin da aka kira tarihi ya yi nisa kamar zamanin Fir'auna. Gwaggo ta ƙara da cewa mahaifiyar Ruby ta rasu ne a wannan makon da muke ciki, ranar 10 ga Nuwamba 2020, saura kwana huɗu a cika shekara 60 da ranar.

Ta ba su labarin taron da ke bakin ƙofa, yawancinsu mata, iyayen yara, suna ihu suna jifa. Ruby da kanta ta sha faɗa cewa a ranar farko ba ta gane da ita ake ba, ta ɗauka bikin Mardi Gras ne da aka saba yi a birnin, inda ake hayaniya ana jefa abubuwa. Ranar nan a ofishin shugabar makaranta ta yini, tana kallon iyaye suna shigowa suna jan ƴaƴansu da hannu suna fita da su, ɗaruruwa. Malamai suka ƙi koya mata, sai wata baƙuwa farar fata daga birnin Boston, Barbara Henry, wadda ta zauna da ita su biyu rak a cikin aji shekara guda, tana koya mata kamar ajin cike yake. Wata mata ta riƙa tsayawa kullum tana cewa za ta sa mata guba, har yarinyar ta daina cin abincinta, ta riƙa ɓoye shi a cikin kabad. Wata kuma ta zo da ƴar tsana baƙa a cikin ƙaramin akwatin gawa tana ɗagawa. Mahaifinta, Abon, aka kore shi daga aikinsa a gidan mai. Kantin da suke sayayya ya daina sayar musu. Kakanninta da ke noma gonar wani a Mississippi ana raba amfani aka tashe su daga gonar. Tsakar gidanmu ta yi tsit, har da mai ɗakina da ke tankaɗe ta ajiye rariya.

Lahadi ta biyu ta koma da su baya kaɗan, zuwa birnin Little Rock na jihar Arkansas, a 1957. Ɗalibai tara baƙaƙe aka ba gurbi a babbar makarantar sakandaren birnin, gwamnan jihar, Orval Faubus, ya girke sojojin jiha suka tare ƙofa. Ranar 4 ga Satumba an shirya su taru su tafi tare da rakiya, amma saƙon bai isa ga ɗaya daga cikinsu ba, Elizabeth Eckford mai shekara 15, domin gidansu babu tarho. Ta iso ita kaɗai, sojoji suka mayar da ita, taro ya bi ta da zagi har bencin jiran mota. Sai da shugaban ƙasa Eisenhower ya aiko da sojojin tarayya kimanin 1,000 kafin yaran tara su sami damar zama a makarantar suna karatu, daga ranar 25 ga Satumba. A shekarar da ta biyo gwamnan ya gwammace ya rufe makarantun sakandaren birnin duka, shekara guda cur, da a ce an haɗa yara. Ɗana ya ji daɗin sashen sojojin, ya yi ta tambaya irin bindigoginsu. Ni kuma ina zaune a gefe zuciyata cike da alfahari irin na baƙar fata, ina jin cewa da ina can da na yi abin da ya dace. Kowa a kan tabarmar nan, babba da yaro, ya ɗauki kansa Ruby ne ko Elizabeth. Babu wanda ya ga kansa a cikin taron bakin ƙofa.

Kafin a rufe darasin ranar sai Gwaggo ta dawo kan Ruby da wani ɗan guntun labari. Ta ce can wajen ƙarshen shekarar an bar ta ta haɗu da ƴan tsirarun yara farare da suka dawo makarantar, sai wani yaro ya ce mata ba zai yi wasa da ita ba, domin uwarsa ta hana shi saboda ita baƙa ce. A nan ne yarinyar ta fahimci dalilin duk abin da ya faru tun farkon shekara. Kuma ta sha faɗa da girmanta cewa ba ta ji haushin yaron ba, domin da ita ce uwarta ta hana ta wasa da wani, da ta bi umurni. Gwaggo ta tambayi yaran: to, laifin wa ke nan? Ƴata ta ce na uwar. Ƴaƴan maƙwabta suka ce na uwar. Ɗan farina bai ce komai ba. Ya juyo ya dube ni, ba da rashin kunya ba, da irin kallon yaron da ke son a warware masa lissafi, ya ce: “Baba, ai kai ma ka ce kada in zauna da yaron nan na kango.”

Wayar tana kunne, Yaya tana ji daga can. Na ce lokacin magariba ya gabato, na katse kiran.

Ga asalin maganar. A 2019 dubban mutane suka tsallako daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jiharmu ta Maraɗi, suna gudun ƴan bindiga. Yawancinsu sun zauna a ƙauyukan bakin iyaka, kaɗan suka shigo gari. Wani magidanci daga cikinsu ya sauka da iyalinsa a wani kango da ke bayan layinmu. Aka fara ƴan maganganu a majalisa, cewa irin waɗannan ba a san wanda ke kai wa ɓarayin daji rahoto a cikinsu ba. Babu wanda ya kawo hujja a kan mutumin nan, ni ma ban nema ba. Da aka sa ɗansa a lakwal, aka kai shi ajin ɗana duk da ya girme su da shekara biyu, domin bai iya Faransanci ba. Ni kuwa na kira nawa na ce ya yi nesa da shi, ba mu san asalinsu ba. Na faɗa sau ɗaya, na manta. Shi bai manta ba. A daren nan da na zaunar da shi ya gaya mini cewa a ajinsu ana zama uku uku a benci, wani bencin ma huɗu a matse, amma yaron nan shi kaɗai ne a nasa, can baya, fiye da shekara guda. In mushe ya matsar da wani kusa da shi, kashegari uban ya zo ya ce a canza wa ɗansa wuri. In an fita shan iska yakan tsaya a jikin bango. Yara suna kiransa ɗan ɓarayi.

Na san akwai mai cewa abin bai yi kama ba, kuma yana da gaskiya ta wani fanni. A can doka ce da gwamna da sojoji suka tsaya a ƙofa, a nan babu dokar da ta hana yaron shiga aji. A can launin fata ne da tarihin bauta na ɗaruruwan shekaru, a nan yaron Bahaushe ne kamarmu, Musulmi kamarmu. Tsoron da muke ji ma ba na banza ba ne, domin kowa a yankin nan ya san wani da aka sace ko aka kashe. Amma da na kwanta na yi ta juya abin, na ga cewa matan nan na New Orleans su ma ba su ɗauki kansu azzalumai ba. Sun yi imani ƴaƴansu suke karewa. Tsoro yana ba mutum damar ya bincika, ni kuwa ban bincika ba, na yanke wa ɗan shekara 11 hukunci a kan zancen majalisa, na kuma sa ɗana ya zartar mini da shi.

Bayan sallar asuba na tsaya wurin mahaifina, wanda shi ne limamin masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni. Na kwashe labarin duka na gaya masa, har da abin da wani likita mai kula da tunanin yara, Robert Coles, wanda ya riƙa ziyartar Ruby a wannan shekara, ya ba da labari, cewa yarinyar takan yi wa masu zaginta addu'a a hanyarta ta zuwa makaranta, bisa tarbiyyar addininsu na Kirista. Malam ya yi shiru yana jan carbi. Sannan ya tuna mini da ranar Ɗa'ifa, lokacin da aka jefi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ƙafafunsa suka yi jini, ya kuma ƙi yarda a halaka mutanen garin, yana fatan a sami masu imani daga zuriyarsu. Ya ce da ni: “Kai da ka karanta sira tun kana yaro, su wa suka yi jifan, su wa suka tura su?” Na ce yara da wawayen gari suka yi jifa, manya suka tura su. Ya ce to. Sai ya tambaye ni ko na san wanda ke cika randar alwala kafin asuba. Na ce a'a. Ya ce uban yaron ne, kuma ya fi shekara yana salla a sahun baya, ni ina sahun farko a bayan liman, ban taɓa juyowa na tambayi sunansa ba.

Na kira Yaya na roƙe ta Lahadi ta uku ta bar jaruman da aka sani, ta ba yara labarin waɗanda suka fito daga cikin taron. Ta shirya da kyau. Ta ba su labarin Lloyd Foreman, wani limamin coci farar fata, wanda ya riƙo hannun ƴarsa mai shekara 5 ya ratsa masu ihu ya kai ta makarantar da Ruby take, alhali sauran iyaye sun ƙaurace, taron ya juya kansa da zagi. Ta ba su labarin Grace Lorch, farar mata da ta ga Elizabeth a bencin nan ita kaɗai, ta fito ta tsaya kusa da ita, ta shiga mota tare da ita, wadda daga baya matsin da aka yi wa gidanta ya sa suka ƙaura zuwa Kanada. Ta ce akwai maƙwabcin da ya ba mahaifin Ruby sabon aiki, akwai waɗanda suka riƙa gadin gidansu da dare, akwai masu takawa a bayan motar jami'an tsaro don rakiya. Ta ce Barbara Henry ta koma Boston bayan shekarar, ba su sake ganin juna da ɗalibarta ba sai a 1996. Da ta gama na karɓi magana a gaban yaran duka, wayar tana kunne, na ce abin da na faɗa a kan yaron kango kuskure ne, na janye shi, kuma ina neman gafarar Allah. Ban taɓa jin nauyin harshena kamar ranar ba, domin ba mu tashi muna ganin uba yana ba da haƙuri a gaban ƴaƴansa ba.

Ranar Litinin ɗana ya ɗauki jakarsa ya koma bencin baya. Ban umurce shi ba, na dai cire hanin. Abin bai zo da sauƙi ba. Abokansa suka daina sa shi a ƙwallo, sunan da suke kiran wancan suka haɗa da shi, wata rana ya dawo da riga a yage yana kuka. Mai ɗakina ta ce da ni cikin ɓacin rai: “Malam, tubarka a bayan yaro za ka ɗora ta?” Maganar ta shige ni, domin gaskiya ce. A ranar na fahimci Abon Bridges, wanda tun farko bai so a kai ƴarsa ba don tsoron abin da zai biyo baya, sai da matarsa ta shawo kansa. Da ina karanta shi a matsayin mai rauni. Yanzu na san uba ne kawai, kuma da ya amince shi ya fara biyan kuɗin da aikinsa. Na gane cewa ba daidai ba ne a tura yaro gaba babba yana laɓe a baya. Na tafi kangon nan da rana tsaka, kowa yana gani, na yi sallama, na zauna a tabarmar mutumin, na ji sunansa da sunan ƙauyensa da yadda aka kashe ƙanensa a gona. Na je na ga mushen ajin, wanda ashe abin ya daɗe yana damunsa. Na tayar da maganar a majalisa, wasu suka yi shiru, wasu suka ce na cika shisshigi. Na kuma gayyaci yaron darasin Lahadi.

Ranar da ya fara zuwa, ɗaya daga maƙwabtana ya aiko aka kira ƴaƴansa biyu daga kan tabarma, ba su sake dawowa ba. Na tsaya ina kallon yayarsu tana jan su da hannu suna fita ta zaure, suna waiwayen wayar. Mutumin nan abokina ne tun muna makarantar allo, kuma har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. Ba na zaginsa, domin makonni uku kafin nan ni da shi ra'ayinmu ɗaya. Yaran biyu kuwa, nawa da na kango, ba su zama aminai na a-mutu-a-rayu ba. Sun zauna benci ɗaya har ƙarshen shekara, na uku ya zo ya same su bayan hutun farko, suna faɗa a kan ƙwallo suna shiryawa kamar kowane yara. Abin da nake nema ke nan tun farko da na sani.

Shawarata ga iyayen da ke da ɗan'uwa ko malami mai koyar da ƴaƴansu ta waya, ko masu niyyar farawa, ita ce kada a miƙa wa yaro waya a tashi a bar shi. A zauna tare da shi, domin tambayar da ta fi muhimmanci ba mai koyarwa na nesa za a yi wa ba, wanda ke kusa za a juyo a yi wa. Hoto ɗaya da aka bar yaro ya kalla da kyau ya fi bidiyo goma. A faɗi shekaru da sunaye, yaro ya san abin ya faru ga mutane na gaske, wasunsu suna raye. Kada a ba da labarin ta yadda yaro zai tashi da ƙin fararen fata, domin malamar da ta zauna da Ruby farar fata ce. Sannan a tambayi yaro wa ke zama shi kaɗai a ajinsu, a lakwal ko a islamiyya, ko don garin da ya fito, ko don sana'ar ubansa, ko don abin da ake cewa kakanninsa ne. Yara sun san amsar, mu ne ba ma tambaya. Wanda kuma zai yi tambayar ya shirya jin sunansa a cikin amsar, kamar yadda na ji nawa.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa kada mu gadar musu da ƙiyayyar da ba su san tushenta ba, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu lafiya, Ya zaunar da ƙasashenmu cikin aminci. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.